LAMBUN DA KE KAN DUTSEN BAGZAN

Laccar rediyo ta shirin yaƙi da jahilci, daga Cirozerin, jahar Agadas

     

Yau daga Cirozerin muke magana da ku. Kowa ya ji sunan Cirozerin sai ya tuna da gawayin ƙasa. Gaskiya ne. A shekarar 1975 aka kafa kamfanin SONICHAR, a 1981 kuma ya fara ba da wutar lantarki da gawayin da ake haƙowa a Anu Araren. Amma gundumar Cirozerin tana da wata dukiya wadda ba a haƙo ta, ba a auna ta da tan. Wannan dukiya tana can sama, a kan dutsen Bagzan. Itatuwa ne da ciyayi waɗanda a duk faɗin Nijar ba a samun wasu daga cikinsu sai a kan duwatsun Abzin.

Na hau dutsen nan cikin damina. Abin da na gano shi zan ba ku labari. Ku kasa kunne da kyau, don a ƙarshe akwai karatu, akwai lissafi, akwai kuma tambayoyi.

MENE NE LAMBUN TSIRRAI?

Kun san lambun albasa. Kun san lambun tumatir. Akwai kuma wani irin lambu wanda ba don ci ake yin sa ba, ba don sayarwa ba. Don ilimi ake yin sa. Ana tattaro itatuwa da ciyayi iri iri, a dasa su wuri ɗaya, a kafa ɗan allo gaban kowane, a rubuta sunansa da ƙasar da ya fito. Wanda ya iya karatu sai ya bi yana karantawa. Shi ake kira lambun tsirrai.

Ga misali. A ƙasar Faransa, cikin duwatsun Alp, akwai wani wuri da ake ce wa Lotare. Tsayinsa mita 2,100 ne daga bakin teku. A shekarar 1899 malaman jami'ar birnin Girenobul suka kafa lambu a wurin. Yanzu akwai tsirrai wajen iri 2,000 a cikinsa, duka na kan duwatsu, an kawo su daga ƙasashen duniya daban daban. Rabin shekara ko fiye dusar ƙanƙara ce ke rufe wurin. Sai daga watan Yuni zuwa Satumba ake buɗe ƙofa, jama'a su zo kallo. Tsirran can gajeru ne, sun kwanta a ƙasa saboda iska da sanyi. Da ƙanƙara ta narke sai su yi sauri su yi fure, su zuba iri, kafin sanyi ya komo.

To, ku dubi ikon Allah. Watannin da ake buɗe wancan lambu, cikinsu ne mu ma dutsenmu yake yin kore. Su narkewar ƙanƙara suke jira, mu kuwa ruwan sama muke jira. Tsayin ma kusan ɗaya ne. Ƙololuwar Bagzan, wadda ake kira Idukal-n-Tages, mita 2,022 ce. Babu wurin da ya kai ta tsayi a ƙasar Nijar.

Ga bambancin. Lambun Faransa mutane suka dasa shi. Yana da darni, yana da masu tsaro, yana da alluna. Namu kuwa Allah ne ya dasa shi. Ba darni, ba mai gadi, ba allo ko ɗaya. Ku riƙe wannan magana, za mu komo kanta.

DAGA CIROZERIN ZUWA GINDIN DUTSE

Mun tashi daga Cirozerin da asuba, cikin watan Agusta. Muka bi ta Agadas, tafiyar kamar kilomita 70. Daga Agadas muka nufi arewa maso gabas, wajen Tabelot, tafiyar fiye da kilomita 100. Tabelot ma cikin gundumar Cirozerin take, ita da Dabaga. Hanyar ba kwalta ba ce. Duwatsu ne da rairayi da ƙoramu.

Wanda ya san Abzin da rani kaɗai, in ya zo da damina sai ya yi mamaki. Ruwan sama a nan kaɗan ne. Abin da Agadas ke samu a shekara bai kai rabin na Maraɗi ba. Yawancinsa cikin Yuli da Agusta yake sauka. Amma da ya sauka, kwana kaɗan sai ka ga ƙasa ta yi kore. Tsidau ya yi fure rawaya. Filasko ya tofo. Raƙuma da awaki sun bazu suna kiwo.

Itatuwan da ke bakin ƙorama duk kun san su. Ga goriba, wadda mata ke saƙa tabarma da kabarta. Ga gawo, ga bagaruwa, ga kurna, ga aduwa. In ka yi nesa da ƙorama kaɗan sai ka ga kandili, wanda Abzinawa ke kira afagag, da jiga, da anza. Kun san anza. Ita ce ta ceci mutane da yawa a farin 1973 da na 1984, lokacin da ake jiƙa ƴaƴanta kwana da kwanaki don a kashe ɗacinsu a ci.

Ga gargaɗi ga matafiyi. Kada ka kwana cikin ƙorama da damina, ko da rairayinta ya yi maka daɗi. Ana iya yin ruwa can kan dutse, kai kana nan ba ka ga ko ɗigo ba. Cikin dare sai ruwa ya sauko da ƙarfi, ya tafi da mutum da kayansa. Mutanen Agadas ba su manta da farkon watan Satumba na 2009 ba, lokacin da ambaliya ta rushe gidaje masu yawa a birnin. In ka iske ƙorama ta kawo, ka zauna ka jira. Sannu ba ta hana zuwa. Kuma kada ka hau dutse sai da jagora ɗan wurin, kada ka tafi sai ka sanar da hukuma da mai gari.

HAWAN DUTSE

Bagzan ba tsauni ɗaya ba ne mai tsini. Kamar faifai yake wanda aka ɗora a sama. Gefensa a tsaye yake kamar bango, samansa kuwa fili ne mai faɗi, da ƙauyuka da lambuna da makiyaya. Tun kaka da kakanni, da ƙafa da jakuna ake hawansa. Mu ma haka muka yi. Jagoranmu wani dattijo ne mai jakuna uku. Muka bi wani kwazazzabo da ake kira Igalabelaben, inda akwai idon ruwa.

Muna hawa, itatuwa suna sakewa. Goriba ta tsaya a ƙasa, ba ta bi mu ba. Sai muka fara ganin dashi da akkora da dargaza. Na tsaya ina kallo, don waɗannan itatuwan kudu ne. A dajin Tawa da Dakoro da Damagaram muka saba ganinsu, inda ruwa ya fi yawa. Me ya kawo su tsakiyar hamada?

Muka ƙara gaba. Sai ga wani irin ɓaure mai siririn ganye, ya fito daga tsagar dutse. Saiwoyinsa sun bi jikin dutsen kamar igiya, sun nutse cikin tsaga suna neman laima. A gindinsa akwai ɗan gurbi da ruwa ya kwanta. A irin wannan gurbi namun dutse ke shan ruwa. A duwatsun Abzin akwai ragon dutse, da barewa, da jan biri, da rema.

Da muka kai sama, abu na farko da na ji shi ne iska mai sanyi. Na yi tafiyar yini da gumi, amma da rana ta faɗi sai da na nemi bargo. Ga dalili. Duk mita 1,000 da mutum ya hau, zafi yakan ragu da wajen digiri 6. Agadas tana kan mita 500 ne. Ƙololuwar Bagzan ta ɗara ta da fiye da mita 1,500. Kun san hasumiyar babban masallacin Agadas? Tsayinta mita 27. Sai an ɗora irinta 56, wannan kan wannan, kafin a kai ƙololuwar dutsen. Da hunturu kuwa, wani dare har ruwa yakan daskare a can.

ME YA SA DUTSE YA FI ƘASA NI'IMA?

Dalili uku ne.

Na farko, dutse yana tare hadari. Iska mai laima in ta taso daga kudu ta iske dutse, sai ta hau. In ta hau sai ta yi sanyi, ta zubar da ruwanta.

Na biyu, dutse kamar rufin kwano yake. Ruwan da ya sauka kan fa ba ya nutsewa. Gangarawa yake yi, ya taru a tsaga, kamar yadda indararo ke tara ruwan rufi ya zuba cikin randa. Icen da ke cikin tsagar sai ya sha ruwan fili mai faɗi shi kaɗai.

Na uku, sanyi da inuwar dutse suna hana laima saurin bushewa.

Yanzu sai mu amsa tambayarmu: me ya kawo itatuwan kudu tsakiyar hamada? Ba kawo su aka yi ba. Nan aka bar su. Shekaru dubu 10 zuwa dubu 5 da suka wuce, hamadar nan ba hamada ba ce. Akwai tafkuna da kifi da ciyawa. Shaida tana nan cikin jaharmu. A Dabus, kusa da hanyar Agadas zuwa Arlit, mutanen da suka sassaƙa hoton raƙumin dawa a jikin dutse, tsawonsa ya fi mita 5. Ba su sassaƙa abin da ba su gani ba. Daga baya ruwa ya ja baya, ƙasa ta bushe. Kun san yadda tafki ke yi in ya fara ƙafewa: kifi sai su taru a gurbin da ya fi zurfi. Haka itatuwa suka yi. Na fili suka mutu, na kan dutse suka saura. Wasu danginsu suna kudu, wasu danginsu suna arewa, can bakin tekun Bahar Rum. A kan duwatsun Abzin suka haɗu.

ZAITUN, TSOHON DA BA SHI DA JIKA

A rana ta biyu jagora ya kai ni wani kwazazzabo can sama. Ya nuna mini wani icce tsakanin duwatsu. Ba shi da girma sosai. Ganyensa sirara ne, samansu kore, ƙasansu fari fari kamar azurfa. Daga gindi ɗaya rassa da yawa suka fito.

Ya ce, “Malam, ka san wannan?”

Na ce, “A'a, Baba, ban san shi ba.”

Ya ce, “Mu aleyo muke ce masa. Ku kuwa kuna karanta sunansa kullum, ba ku san kamarsa ba.”

Jama'a, zaitun ne. Zaitun ɗin nan da Allah ya ambata tare da ɓaure cikin Alƙur'ani mai girma. Ga shi a ƙasarmu, ga ɓaure kusa da shi. Amma wannan zaitun daji ne. Ɗan'uwan wanda ake nomawa a Tunisiya da Maroko da Falasɗinu ne, wanda ake matse mai daga ƴaƴansa. Namu ƴaƴansa ƙanana ne, ba su da tsoka sosai. Ba ya fitowa a fili. Sai can sama, daga wajen mita 1,500. A Nijar ana samunsa a Bagzan da Tamgak da Gerebun. A waje kuwa akwai shi a duwatsun Ahaggar na Aljeriya da Jabal Marra na Sudan.

Na ce wa jagora ya nuna mini ƙaramin zaitun, wanda ya tsiro daga iri. Ya yi shiru. Can ya ce tun yana yaro yake kiwo a dutsen nan, bai taɓa ganin ko ɗaya ba.

Maganar dattijon nan ta yi daidai da ta masana. Wasu masu bincike na Nijar da na Faransa sun bi duwatsun Abzin suna duba zaitun, suka buga sakamakonsu a shekarar 2008. Abin da suka gano shi ne, icen ba ya sabunta kansa ta hanyar iri. Daga tsohon gindi yake tofo. In reshe ya mutu, wani ya fito daga saiwa. Da haka ya rayu ɗaruruwan shekaru, har wasu masana na ganin akwai gindayen da suka yi dubbai.

Ku gane abin da wannan ke nufi. A ce gari ne cike da tsofaffi, ba yaro ko ɗaya. Duk tsohon da ya rasu, gidansa ya rufe ke nan. In ka sare gawo a gonarka, ka yi ɓarna, amma wani gawon zai iya tsirowa. In ka tone gindin zaitun a Bagzan, ba mai maye gurbinsa. Abin da ya jure fari tun kafin a gina Agadas, gatari zai gama da shi kafin azahar.

Wani zai ce, ina amfanin icen da ba a cin ƴaƴansa? Amfaninsa jimirinsa. Ƙasashen da ke noman zaitun yanzu fari yana damunsu. Masana suna duban wannan na hamada, don ya san yadda ake rayuwa da ruwa kaɗan. Haka kuma a Abzin akwai geron daji da dawar daji, dangin geronmu da dawarmu. Manomi ya san shibra, ya san ba a raina dangi. Irin waɗannan tsirrai su ne rumbun iri na gobe. Shi ya sa a Sadore, kusa da Yamai, cibiyar bincike ta ICRISAT take adana irin gero a ɗaki mai sanyi. Amma rumbun da ya fi kowane daɗewa shi ne dutsen kansa.

AFAZO, UWAR GOYON KANDILI

Da muka sauko wani kwari, sai na ga abin da ya faranta mini rai. Kun san afazo, ciyawar nan mai tushe da yawa, wadda ke yin dunƙule kamar kwando, raƙuma suna sonta. Jagora ya buɗa wani dunƙule da sandarsa. A tsakiya sai ga ɗan kandili, tsawonsa bai fi taƙi ɗaya ba, kore shar.

Na duba fili kewaye da mu. Ba ɗan kandili ko ɗaya a sarari. Duk wanda ya tsiro a sarari, akuya ta cinye shi tun yana ganye biyu. Wanda ya tsiro cikin afazo kuwa ya ɓuya. Ciyawar ta yi masa darni, ta yi masa inuwa, ta tare masa ƙasa da laima. In ya yi ƙarfi ya fid da ƙaya, sai ya tsare kansa. Wannan ma masu bincike sun auna shi a Abzin, sun tabbatar.

To, ga inda matsala take. Ana tumɓuke afazo da saiwarta, a ɗaure dami dami, a kai gari a sayar wa masu dabbobi. Wanda ya yi haka yana ganin ciyawa kaɗai ya ɗauka. Bai san ya kashe uwar goyo da abin da ta goya ba. Shekara ashirin nan gaba, in jikansa ya rasa inuwa, ba zai san ranar da aka sare ta ba.

Ba mu ce kada a yanki ciyawa ba. Dabba sai ta ci. Amma a yanka da lauje, a bar tushe. Kada a tone da gatari ko da fartanya.

LAMBUNAN MUTANEN BAGZAN

Kada ku zaci dutsen nan kango ne. Akwai mutane a kansa, Abzinawa ne, manoma da makiyaya da fatake. Mu Hausawa ma ba baƙi ba ne a Abzin. Gobirawa sun ce a nan kakanninsu suka zauna kafin su gangara kudu. Dokin nan da ake yabo, bagazam, daga dutsen nan ya samo sunansa.

Saboda sanyin wurin, ana noma abin da ba ya yi da kyau a kudu. Ana noma alkama da tafarnuwa da albasa da dankalin turawa da tumatir. A lambunan Abzin akwai dabino da rumman da lemo da inabi. Da can da takarkart ake ban ruwa: sa ko raƙumi ya ja wasaki daga rijiya, ruwa ya bi ƴar hanya ya shiga fangali. Yanzu injin ban ruwa ya yi yawa. Inji yana da sauri, amma ku tuna, rijiya ba ta ƙirƙirar ruwa. Abin da dutse ya tara mata shi take bayarwa. In ciyawa da itatuwa suka ƙare a sama, ruwa zai gangara da gudu, ya ci bakin lambu, ya wuce bai nutse ba. Mai lambu a Tabelot, icen kan dutse ma'aikacinka ne, ko da ba ka biyansa.

Matan Bagzan kuma an san su da sanin ganyayen magani. Uwa take koya wa ɗiya, ɗiya ta koya wa tata ɗiyar. Har kasuwar Agadas ana kai ganyen Bagzan. Tsofaffin matan nan ba sa tumɓuke tsiro. Ganye suke tsinka, su bar gindi don baɗi. Mu yi koyi da su. Amma a kula: in yaro yana zazzaɓi ko zawo, a kai shi likita tun da wuri, kada a tsaya jiran ganye.

WA ZAI ZAMA DARNI?

A shekarar 1988 gwamnati ta kafa gandun Abzin da Tenere. Faɗinsa murabba'in kilomita 77,360, duwatsun Tamgak da Gerebun suna cikinsa. An lissafa tsirrai fiye da iri 350 a gandun. A 1991 hukumar UNESCO ta sa shi cikin kayan gado na duniya. A 1992, saboda tashin hankalin da aka shiga a arewa, aka sa shi cikin wuraren da ke cikin haɗari. A shekarun nan ne aka kusa ƙarar da jiminar Abzin. Daga 2014 kuma haƙar zinariya ta kawo dubban mutane jahar Agadas, kowa yana bukatar icen girki.

Doka tana da amfani. Ma'aikatan gandun daji suna ƙoƙarinsu. Amma ba za a sa mai gadi gindin kowane icce ba. Kun san labarin icen Tenere. Kandili ne shi kaɗai tsakiyar hamada, ayarin gishiri suna sauka gindinsa shekara da shekaru, ba wanda ya karya masa reshe. A 1973 mota ta buge shi. Gangar jikinsa tana gidan tarihi na Yamai. A wurinsa icen ƙarfe aka kafa. Icen ƙarfe ba ya ba da inuwa, ba ya ciyar da raƙumi.

Tun farko na ce lambunmu ba shi da darni. To, mu ne darnin. Ga abin da kowa zai iya yi:

1. Kada a sari zaitun, kada a tone gindinsa, kada a hura wuta kusa da shi.

2. Makiyayi in zai kakkaɓo wa awaki ganye, ya kakkaɓa da ƙugiya, kada ya datse reshe.

3. A yanki afazo da lauje, a bar tushe.

4. In ka ga ɗan icce ya tsiro, ka kewaye shi da ƙaya ko da duwatsu. Aikin minti goma ne.

5. Mutanen gari su shirya da mai gari da makiyaya, a keɓe wani kwari a hutar da shi damina biyu ko uku, sannan a buɗe shi a keɓe wani.

6. Mata su yi girki da murhu mai tsimin icce. Wanda ke da hali ya yi amfani da gas ko gawayin Cirozerin da aka gyara don girki. Gawayin nan ma asalinsa tsirrai ne da ƙasa ta binne fiye da shekaru miliyan 300. Gara a ƙona icen da ya mutu tuntuni da a kashe mai rai.

7. Tun 1975 ake dashen itace a Nijar ran 3 ga watan Agusta. Mu dasa, amma mu riƙa ba da ruwa. Dashe ba reno, aikin banza ne.

Saura abu ɗaya, shi ne naku, ku ɗaliban yaƙi da jahilci. Lambunmu ba shi da alluna. Sunayen tsirransa suna cikin kawunan tsofaffi. Ku da kuka iya rubutu yanzu, ku ɗauki littafi da alƙalami, ku je wurin kaka ko baba. Ku tambayi sunan kowane icce da kowace ciyawa, da Hausa, da Buzanci, da Fulatanci. Ku rubuta inda take fitowa, da watan da take fure, da dabbar da ke cinta, da amfaninta. Ba sai kun hau Bagzan ba. Kowane gari yana da nasa dutse, ko fadama, ko kurmi. Ku kawo wa malaminku abin da kuka rubuta, a karanta a aji. Wannan shi ne amfanin karatu.

KARATU

Malam ya rubuta waɗannan a allo, ɗalibai su karanta, su kwafa:

dutse — damina — zaitun — afazo — kandili — darni

Dutse yana tara ruwa.
Afazo tana goyon kandili.
Ba mu sare zaitun.
Mu ne darnin lambunmu.

LISSAFI

1. Ƙololuwar Bagzan mita 2,022 ce. Agadas tana kan mita 500. Da mita nawa Bagzan ya ɗara Agadas?

2. Lambun Lotare yana kan mita 2,100. Da mita nawa ya ɗara ƙololuwar Bagzan?

3. Aji ɗaya yana da ɗalibai 25. Kowane ɗalibi ya kewaye ƴan itatuwa 4 da ƙaya. Itatuwa nawa aka tsare?

TAMBAYOYIN TATTAUNAWA

1. Waɗanne itatuwa ne tsofaffin garinku suka sani, waɗanda yanzu babu su? Me ya kashe su?

2. A dajinku, akwai icen da kuke ganin manyansa amma ba ku ganin ƙananansa?

3. In za a keɓe wani wuri a hutar da shi, yaya za a yi kada a cuci makiyayi?

Jama'a, a nan za mu dakata. Hausawa sun ce, in kunne ya ji, jiki ya tsira. Wanda ya ji, ya faɗa wa wanda bai ji ba. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kare mana dabbobinmu da gonakinmu, ya ba ƙasarmu zaman lafiya. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.